Kujerunmu Sun Riga Mu Zuwa Tsibiri

A ƙarshen shekarun tamanin muna zaune a unguwar Woolwich da ke London, a wani flat na hawa na biyu, ni da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu. Shi yana koyar da lissafi, ni ina ɗinki a gida. Wata rana ya dawo yana murmushi tun daga bakin ƙofa, ya ce ya samu aikin koyarwa a wani tsibiri can yankin Karibiyan, inda ba a san sanyi ba.

Ban yi gardamar tafiya ba. A kan gida muka saɓa. Kwalejin can ta haɗa mu da wani dattijo mai gidajen haya, ya ce iri biyu gare shi: mai kaya a ciki, da wanda babu komai sai bango da rufi. Maigida ya ce mu kama mai kaya, mu ɗauki akwatunanmu mu wuce.

Na ce, "Baban yara, katifar da ban san wanda ya kwanta a kai ba? Tukunyar da ban san abin da aka dafa a ciki ba?"

"Ai sai a wanke."

"Katifar ake wankewa?"

Ya tuna mini cewa farkon zuwanmu ƙasar nan a kan katifar wani Bature muka yi ta kwana. Na ce shi ya sa har yau bayana bai daina ciwo ba. Muka yi ta ja har ya gaji. Aka kama gidan da babu kaya, aka yi booking ɗin jirgin ruwan da zai kai kayanmu.

Masu kwasar kaya suka zo suka share gidan tas. Gado, kujerun falo, kabad, kafet, labule, keken ɗinkina, har da hitar ɗumama ɗaki guda biyu da na dage sai an tafi da su, don ba a san abin da gobe za ta haifa ba. Aka bar mana akwatuna, dardumar sallah, tukunya ɗaya da 'yan cokula, tunda tafiyar ta matso.

Kayan suna tsakiyar teku aka bugo waya. Guguwa ta yaye rufin kwalejin, an ɗage fara karatu sai an gyara, kuma ba a ce ga rana ba. Maigida ya ajiye wayar a ƙasa, don babu tebur. Ya dubi falon, ya dube ni, ya ce, "To, ga gidan da kike so, tun daga nan."

Haka hunturu ya same mu. Muka manna jarida a tagogi. In ka yi atishawa a falo sai ɗaki ya amsa maka. Yaran kam duniya ta yi musu daɗi, suka mai da falon filin tsere da takalma masu taya, mutumin da ke ƙasanmu yana ta dukan silin da sandar tsintsiya. In na yi musu tsawa da Hausa su ba ni haƙuri da Turanci, su ci gaba.

Maƙwabciyarmu wata Hajiya ce 'yar Ghana, tana sayar da doya da busasshen kifi a kasuwa. Ta leƙo, ta tsaya cak.

"Maman yara, ɓarawo ya shiga?"

Na yi mata bayani. Ta riƙe baki. "Kujera duka ya tafi shan iska, ya bar mai shi cikin sanyi?"

Da yamma sai ga ta da akwatunan katako na doya guda huɗu, a matsayin kujeru, da wata katifa da ta lotsa a tsakiya. Ta ga ina kallon katifar, ta ce, "Kwanta abinka. Mutum da yawa ya kwana kan shi, duka ya tashi lafiya." Maigida ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Na kwanta a kanta, kuma barci na yi sosai, amma ban gaya masa ba.

Kawunsa, wani attajiri da yakan zo London duba lafiya, ya kawo mana ziyara a wannan halin. Ya tattara babbar rigarsa ya zauna a kan akwatin doya, ya saurari labarin tsibirin har ƙarshe, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya mayar da alheri. Ba abin kunya ba ne." Duk rantsuwar da muka yi bai yarda ba. Washegari direbansa ya kawo mana buhun shinkafa da ƙatuwar talabijin, muka ɗora ta a kan kujera ɗaya, saura uku.

Can sai dattijon tsibirin ya bugo. Kaya sun iso lafiya, ya jera mana su da kansa. Ya yaba kujerun ƙwarai, ya ce a kan doguwar yake hutun rana. Matarsa tana gaishe ni, keken yana ɗinki kamar me. Ƙarafan nan biyu ne bai gane ba, amma suna da kyau wajen shanya tawul. Sannan ya gyara murya ya ce akwai wata 'yar magana: tunda yanzu gidan yana da kaya, ya shiga ɗaya rukunin, hayarsa kuma daban take.

Maigida ya zame daga kan akwati ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Na karɓe wayar. Da Turanci na fara, a tsakiya ya ƙare mini, na ƙarasa da Hausa. Dattijon ya saurare ni tsaf, da na numfasa ya ce a bar maganar.

Sai da ganye ya fara fitowa a bishiyoyi muka tashi. Mun tarar gadon ya ƙi shiga ƙofar ɗaki, an kafa shi a baranda, kafet kuma ya yi funfuna saboda laima. Na buɗe kabad zan jera kaya, na ga kaza a ciki tana kwanci. Dattijon ya roƙe ni in yi haƙuri ta ƙyanƙyashe tukuna. Kayanmu suka ci gaba da zama a akwati har ta fito da 'yan tsakinta, ya ba yaran guda biyu.