Sojan da Ya Koyi Iyo a Kan Gora

Da sunan Allah Mai rayawa da kashewa nake farawa. Ina da taubashi, ɗan gwaggota, haifaffen Gashuwa, ni kuwa a Nguru aka yanke mini cibiya. Tun muna yara ba ma haɗuwa sai mun tsokani juna. Ni na zauna ga allo da tawada, shi ya shiga soja har ya kai kofur. Idan ya sami hutu, a tashar jirgin ƙasa ta garinmu yake sauka, ya kwana gidana, ya cinye mini tuwo, sannan ya hau motar Gashuwa.

A farkon shekarun tamanin, lokacin da ake zaman ɗar-ɗar a bakin Tafkin Chadi, ya sauka wata rana ba walwala. Na ce ko an cire masa igiya ne. Ya ce da haka ne da sauƙi. Ashe manyansu ne suka nemi wanda ya san ruwa, wani ya ce ai ga ɗan Gashuwa, su da ake haifa da kifi a hannu. Nan take aka ce shi zai kula da kwale-kwale idan an tura su tsibirai. Shi kuma ya ƙame ya sara, kunya ta hana shi faɗin gaskiya.

Gaskiyar kuwa na san ta. Gwaggo ta hana shi zuwa kogi tun yana rarrafe, don shi kaɗai Allah Ya bar mata. A bakin kogin Komadugu ya girma, amma bai san ruwan da ya wuce na bokitin wanka ba.

Na yi dariya har rawanina ya kwance. Ya roƙe ni in koya masa iyo a Nguru, inda ba a san shi ba, kuma in yi alkawari ba zan faɗa wa kowa ba.

"Malam, idan mutanen Gashuwa suka ji ɗan Nguru ne ya koya mini ruwa, na bar garin ke nan."

Na yarda, bisa sharaɗin zai riƙa sara mini kafin kowane darasi.

Masuntan yankinmu suna da wata babbar gora da mutum kan kwanta a kanta da ciki, yana tuƙi da hannu da ƙafa. Na aro ɗaya, muka nufi gefen tafki inda ba jama'a. Kofur ya sara, ya hau, gora ta juye, sai ƙafafu biyu a sama. Ya taso yana aman ruwa yana salati, alhali ruwan iya cibiyarsa yake. Da ya sake hawa, sai ta riƙa juyi da shi wuri ɗaya kamar mazari. Wasu Fulani masu tallar nono suka tsaya kallo, ɗaya ta tambaye ni ko mai taɓin hankali ne ake yi wa magani. Na ce e, a taya mu da addu'a.

Hutun nan bai leƙa Gashuwa ba sai a ƙarshe. Amma ya iya iyo, ya iya riƙe filafili. Ranar komawarsa ya sara mini a tasha ban tambaya ba.

Bayan wasu watanni aka gwabza a tsibiran, labari ya zo ya rasu, an binne shi can. Na tafi Gashuwa zaman makoki. Wani saje abokin aikinsa ya zo ta'aziyya, na shigar da shi wurin Gwaggo. Ya ce kwale-kwalensu ne ya kife, marigayi ya riƙa ɗora masu rauni rub da ciki a kan jarkoki yana tura su gaɓa, yana komawa. A can gaɓar ne harsashi ya same shi. Ya ce su kifin Gashuwa suke kiransa.

Sai na ga fuskar Gwaggo ta washe. Ta ce to ba ɗanta ba ne, a koma a bincika, nata ko wanka sai an yi kokawa.

Na duba, idan na riƙe alkawari, za ta ƙare kwananta tana jiran wanda ba zai dawo ba. Na nemi gafarar Allah, na jira saje ya fita.

"Gwaggo, shi ne. Ni na koya masa, a Nguru, a kan gora."

Na ba ta labarin tun daga fari. Hawaye na zuba, amma da na zo kan mai tallar nono, dariya ta kufce mata. Ta share ido da gefen mayafi.

"Ja'iri. Duk masuntan garin nan, ya rasa malami sai kai? To maganar nan ta tsaya a ɗakin nan."

Maganar ta tsaya a ɗakin kuwa, har Gwaggo ta bi ɗanta. Allah Ya jiƙansu da rahama. Na san zai yi mini ƙorafi idan Allah Ya haɗa mu, amma a ranar ni zan fara sara masa.