Baba Idir, An Wanke Maka Gilasai

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, mai gida a kan dutse da mai gida a kwari. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Idir Ait Wahman, mai shagon hayar kayan zamiya a kan ƙanƙara da ke gindin gangaren dutsen Ukaimidan. Ciwon ƙirji ne na 'yan kwanaki. An yi masa sutura bayan la'asar, sai da samari suka sa diga kafin ƙasa ta buɗe, don ta daskare.

Baba Idir, ni ce Itto, uwar Tilila. Ka san halina, ba na yabon mutum don kawai ya mutu. Kana shan taba a bayan shago kana tsammanin ba a ganinka. Shayinka sukari ne da ɗan ruwa. Gaisuwarka gajera ce, kamar ana karɓar haraji a kan kowace kalma. Duk na faɗa maka waɗannan kana raye, don haka ba gulma ba ce. Abin da ban faɗa maka ba shi zan rubuta yau, tare da wani abu da ya faru a shagonka bayan an kai ka, wanda ya hana zuciyata kwanciya.

Da zargi muka fara sanin juna sosai. Tilila tana koya wa yaran makarantu zamiya a kan ƙanƙara, kuma tun tana ƙarama take sa tabarau na magani. In ta cire shi, daga nesa ba ta raba alfadari da mai alfadarin. Wata rana, shekarar da ta fara aikin, ta shigo gida da sabuwar hular kwano mai gilashin fuska, irin wanda ake ɗagawa a sauke. Ta ce kai ka ba ta. Ni kuwa na san banza ba ta kai zomo kasuwa. Na ce ko dai kana so ta riƙa ja maka 'yan haya, ko ka mai da ita ma'aikaciyar da ba a sallama. Na ɗauki hular na nufi shagonka.

"Baba Idir, me kake nema a gidana?"

"Lalla Itto, ko sallama babu? Zauna, shayi bai yi miki laifi ba."

"Ban zo shan sukarinka ba."

"To ki ji a tsaye. 'Yarki a makance take saukowa daga dutsen nan."

Ka yi mini bayani. In ta ɗora madubin zamiya mai ɗamara a kan tabaranta, numfashi ya haɗu da sanyi, sai duka biyun su yi gumi, ta daina ganin komai. Dabarar da ta samo ita ce ta cire na maganin ta sa a aljihu. Ka ce, "Jiya na gan ta tana ɗaga wa wani baƙin dutse hannu, tana ce masa ya matso kusa da 'yan uwansa." Ban yi dariya ba. Ka nuna mini hular. Gilashin yana da fili, tabarau na zama a ƙarƙashinsa, iska na ratsawa. Bayansa mai tauri ne, ba ya saurin karcewa. Cikinsa kuma an yi masa wani siririn shafi da ido ba ya gani, shi ke hana gumi.

Na koma gida na yi wa Tilila faɗan da har yau ba ta manta ba. Kai kuwa ban ba ka haƙuri ba, yau ma ba zan bayar ba. Uwar da ba ta tambaya, ba ta san aikinta ba. Amma daga ranar na daina tambaya a kanka. Ni na haife ta, a ɗaki ɗaya muke kwana, ban gane tana wasa da ranta ba. Kai daga ƙofar shago ka gane.

Kowa a gangaren nan ya san dokarka guda ɗaya: ba a taɓa cikin gilashi. Ba tsumma, ba yatsa, ba sabulu. In ya jiƙe, a girgiza shi a ajiye nesa da murhu ya bushe da kansa. Wanda ya goge ciki ya goge shafin, kuma ba ya dawowa. Na ga ka buge hannun ƙato mai gemu a kan haka. Matarka, Lalla Mammas, takan ce ta share ko'ina a duniyarka ban da shagon nan. Takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ƙazantar nan taka har da sunan ilimi?" Kai kuma ka ce, "Tsohuwa, ki je ki wanke tukwanenki, su ba sa hawa dutse."

Gilashin da ya karce ba ka ba da shi haya, ba ka kuma jefar da shi haka nan. Sai ka sa guduma ka fasa, don kada wani ya tsinta ya sayar wa baƙo a bakin hanya. Masu alfadarai da ke kai mutane sama sun san inda za su ɗuma hannu in iska ta tsananta. Tukunyar wake ba ta sauka daga murhunka, kuma ban taɓa jin ka tambayi wanda ya ɗiba ko ɗan gidan waye ba. Shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, kai ka jagoranci samari suka buɗe ta da shebur har aka fitar da matar liman tana naƙuda. Ba ka taɓa ba da labarin nan da bakinka ba.

Yanzu ga abin da ya faru.

Ka san al'adarmu. In mutum ya rasu, matan maƙwabta sukan wanke gidansa da wurin sana'arsa kafin sadakar uku, don kada masu karatu da baƙi su ga ƙura a kan kayan mamaci. Ɗan ƙanenka Hammu ya iso daga Marakesh a ranar rasuwar. Shi ya karɓi makulli a hannun Lalla Mammas, tana cikin halin da ba ta san me take miƙawa ba. Shi ya buɗe wa mata shagon, shi ya kawo bokitai da garin sabulu. Ni ina madafar gidanka ina murza kuskus. Da na fito, sai na tarar an jera gilasanka gaba ɗaya a rana, suna walƙiya.

Maƙwabciyarka Lalla Tudda ta tare ni, hannunta ja wur saboda ruwan sanyi.

"Itto, zo ki gani, kamar madubin amarya! Allah ya jiƙan Idir, amma ya tara dauɗa. Cikin nan har da wani santsi-santsi, sai da na sa ƙarfi ya fita."

Na duba jerin gilasan. Hular Tilila tana cikinsu. Ta kawo maka ita gyaran ƙusar gefe a ranar da ciwo ya kwantar da kai.

Ban ga laifin Tudda ba. Ita da sauran matan ƙauna suka yi maka, da abin da suka iya. Ba sa hawa dutse, ba sa shiga shagonka, ba su taɓa jin dokar ba. Amma Hammu ya yi aiki a hannunka tun yana saurayi, hunturu bayan hunturu. Shi ma ka buge masa hannu. Na same shi a gefe.

"Hammu, wa ya ce a wanke gilasai?"

"Haba Inna, ni shara na ce a yi. Ban ce a taɓa su ba."

"Wa ya sauko da su daga saman kanta? Tudda ko ta hau kujera ba ta kaiwa can."

"Inna, makoki fa ake yi."

"Shi ya sa nake maka magana a hankali."

Ya ce ana kiransa wurin maza.

Washegarin sadaka, mota ta tsaya a ƙofar shagon, aka sauke kwalaye cike da sababbin huluna masu gilashi, kowace da takarda mai sheƙi da ke cewa ba ta gumi, ba ta karcewa. Hammu ya ce tunda tsautsayi ya faɗa wa tsofaffin gilasan, Allah ya sa yana da waɗannan a ajiye, zai riƙe shagon don taimakon iyali. Ni na yi makaranta daidai gwargwado, na san takarda ba ta ƙin abin da aka buga mata. Na kuma san ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ke sayar da wayoyi a birni, me ya sa yake ajiye da kwalayen huluna? Yaushe ya yi odarsu? Kafin ka kwanta, ko kana kwance? Da gilasanka na nan lafiya, Lalla Mammas ba za ta yarda a shigo da na wani ba, kuma ya san haka.

Ba ni da shaida, Baba Idir. Ban ga hannunsa a kan kanta ba. Malamai sun ce zato zunubi ne, na kuma ji. Amma ban ji malamin da ya ce uwa ta rufe ido 'yarta ta hau dutse ba.

Ranar Asabar wata makaranta za ta kawo yara daga Marakesh, Tilila ce za ta kai su sama. Hammu ya aiko mata da hula ɗaya cikin sababbin, wai kyauta. Na bi ta zuwa shagon.

"Hammu, tunda ka yarda da kayanka, sa ɗaya ka sauko mana daga sama gobe da safe, lokacin hazo."

Ya yi dariya. "Inna, gwiwata ta daina wannan wasa."

"Gwiwar 'yata ce ta roba?"

Tilila ta ce in bari. Ta sa hular a kan tabaranta, ta fita, ta saɓa allunan zamiya ta hau gangaren da ƙafa kaɗan, har numfashinta ya ɗaga. Da ta juyo, gilashin ya yi fari daga ƙasa zuwa tsakiya, kamar murfin tukunya. Hammu ya ce ai sabo ne, sai ya saba da sanyin wurin. Ta cire ta ajiye masa a kan kantar shagon.

A gida muka yi ta. Ta ce in ba ta je ba, makarantar za ta ba wani aikin, kuma wanda aka ba wannan makon shi za a ba har ƙarshen hunturu. Ta ce za ta riƙa ɗaga gilashin tana gogewa. Na ce da wane hannu, kina riƙe da sandunan zamiya? Ta ce to za ta cire tabaran kamar da, ai ta san dutsen kamar tafin hannunta. Na ce dutsen kin san shi, amma yaran da ke bayanki ba duwatsu ba ne, suna motsi. Na ce ba zan kulle miki ƙofa ba, kin girma. Amma in ɗan wata ya ɓace miki a cikin hazo, ke za ki je ki tsaya a gaban uwarsa, ba Hammu ba.

Ranar Asabar da safe ta shirya tsaf. Ta ɗaure takalman zamiya, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon dutsen. Ta daɗe a tsaye. Daga baya ta zauna a kan dakali ta kwance su.

Makarantar ta ɗauki wani. Ni kuma na yafa mayafina na je gindin gangaren, na faɗa wa malaman yaran da iyayen da suka biyo su abin da na gani da idona. Wasu sun saurara, suka hana yaransu wuce ƙasa-ƙasa. Wasu suka ce tsohuwar nan baƙin ciki take yi don an karɓe wa 'yarta aiki. Na ji su. Yaran sun hau sun sauko lafiya, domin Allah ya ba da rana mai haske. Ba kullum ake samun irinta ba a nan, kai ka fi kowa sani.

Mun aika birni a nemo wa Tilila gilashi na gaske. An ce sai an kawo daga waje, wataƙila sai ƙanƙara ta narke. Tana gida, ba ta da aiki, kuma ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Na karɓi fushin. Gara ta zauna a ɗakina tana hararata, da in sake ɗaukar alƙalami in rubuta irin wannan takarda da sunanta a sama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Lalla Mammas da 'ya'yanta mata da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri mai kyau. Lalla Mammas, makullin shagon naki ne, ki karɓe shi in kin fita takaba. Ina yi wa masu alfadarai ta'aziyya, da duk wanda ya taɓa ɗuma hannu a murhun nan. Lalla Tudda da matan unguwa, babu laifi a kanku, Allah ya ba ku ladan niyyarku. Hammu ma ina yi masa ta'aziyya, don baffansa ne. In na zalunce shi da zato, Allah ya yafe mini. In kuwa ba zato ba ne, Allah ya shirye shi tun kafin hazo ya sauko a kan ɗan wani.

Allah ya jiƙanka, Baba Idir. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata maka makwanci, ya sa duk wanda ya sauko daga dutsen nan da ƙafafunsa ta dalilinka ya zame maka shaida ranar hisabi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Itto Ait Bella, Ukaimidan