Ƙahon da Mumuni Ya Kafa wa Labo

Tsoro ya shigi Mumuni wanzami ne a daidai lokacin da ya cire ƙaho na uku daga bayan Labo. Jinin da ya saba gani baƙi ne, mai gudaji, wanda ake kifewa a rairayi a ture ƙasa a kai. Wannan kuwa tsararo ne kamar ruwan wankin nama, kuma ya ƙi tsayawa. Ya danna auduga, ta jiƙe. Ya barbaɗa garin bagaruwa, jinin ya wanke shi ya gangara cikin wandon Labo. Saura ƙaho biyar a kafe, rana ta take tsaka a tashar lodin siminti ta Malbaza.

Mumuni mutumin Tajaye ne, ya gaji aska daga ubansa. Shekararsa ashirin yana rataye da zabira tsakanin Illela da Malbaza, yana aski, yana kaciya, yana ƙaho. Abin da ya raba shi da sauran wanzamai shi ne zaman da ya yi da Majo Lauratu, babbar ma'aikaciyar gidan likitan garinsu. A shekarar yunwa ta tamanin da huɗu ta tare shi a bakin kasuwa ta ce, "Malam Mumuni, kana ɗibar jinin mutanen da ba su da shi." Bai yi fushi ba. Ta koya masa ya ja fatar idon mutum ƙasa ya duba: in ja ce, a kafa ƙaho, in ta yi fari, a mai da aska zabira, a tura mutum wurinta ya karɓi ƙwayar ƙarin jini. Shi kuma ya ɗora da nasa. Duk wanda ya yi wa ƙaho sai ya sa shi cin hanta da wake da zogala har kwana bakwai. Wanzamai suka riƙa yi masa ba'a suna kiransa likitan zogala. Ita Majo in masu ciwon baya sun dame ta, sai ta ce su je wurin Mumuni. Shekara goma bai kafa ƙaho ba tare da ya duba ido ba.

Ranar ma ya duba. Labo ɗan dako ne, buhun siminti yake ɗauka tun yana saurayi, ya zo yana dafe da ƙugu.

"Baba Mumuni, mataccen jini ya cika min baya. Takwas nika so."

"Takwas? Kai rago na, da za a feɗe?"

"In kana jin tsoro in tahi wurin wani."

Mumuni ya ja fatar idonsa, ya gan ta ja wur, ya yi bisimilla ya ɗauki aska. Bai tuna cewa a tashar nan idon kowa ja ne ba, don ƙurar siminti ta cinye shi. Labo kuma bai gaya masa cewa wata biyu da suka wuce likita ya ce jininsa ya yi ƙasa, ya hana shi ƙaho ba. Tun da darajar sefa ta karye magani ya yi tsada, sai Labo ya bar ƙwayar ƙarin jinin, ya koma haɗiyar asfirin mai tsinka jini na masu talla a kasuwar Konni, shida shida a yini, da fura kawai a cikinsa.

Yanzu ga kan Labo yana lilo.

"Baba, gari na juyawa," in ji shi, ya kife da fuska a tabarma. Ƙaho biyu suka ɓalle da kansu.

Mumuni ya kware rawaninsa yana ƙoƙarin ɗaure bayan, sai ya ji an fizge shi ta wuyan riga. Sha'ibu ne, wan Labo, ya duro daga kan mota jikinsa fari fat da siminti.

"Mi ka yi mai?"

"Ɗana, taimake ni mu ɗaure, jinin ne ba ya..."

Marin da Sha'ibu ya kai masa ya kashe masa kunne. Kafin ya miƙe ƴan dako sun kewaye shi. Wani ya shure shi a haƙarƙari, wani ya zazzage zabirar ya bi ƙahonin da ƙafa yana farfasawa. Mumuni na rarrafe wajen Labo da rawanin a hannu, yana cewa, "Ku kashe ni daga baya, ku ɗaure shi tukuna." Sha'ibu ya zaro ƙarfen kwance taya daga ƙarƙashin motar, ya taka hannun Mumuni na dama, ya sauke masa ƙarfen sau biyu. Mumuni ya ji ƙarar ƙashin kafin ya ji zafin.

Wata mai tuwo a tashar ce ta ratsa su da muciya. "Kun tsaya kashe tsoho, ɗan'uwanku na tsiyaya kamar tulu. Maza ke nan." Ta fizge rawanin, ta naɗe bayan Labo tamau. Mumuni, bakinsa cike da jini, ya ce a ɗaga ƙafafunsa sama, haka Majo take yi. Suka ɗaga. Aka ɗora Labo a kan buhuna, motar ta kama hanyar Birnin Konni, Sha'ibu na rungume da kan ƙanensa yana kuka.

Jandarmomi suka zo daga baya, suka tarar da Mumuni jingine da bango. Suka tambaye shi wa ya karya shi. Ya ce bai ga fuska ba.

Kashegari Majo Lauratu ta zo gidansa a Tajaye, ta tarar mai ɗori ya riga ya ɗaure hannun da karare. Ta duba yatsun da suka kumbura suka yi baƙi, ta yi masa allura, ba ta taɓa ɗorin ba.

"Na duba idon, Majo. Wallahi ja ne."

"Na sani. Ni ce ban ce ka duba tafin hannu da harshe ba. Ban taɓa aiki cikin masu siminti ba."

Ta gaya masa abin da ta jiyo. An ɗebi jinin Sha'ibu an ƙara wa Labo, amma bai farfaɗo ba, kuma ana neman wani mai irin jininsa. Mumuni ya miƙa mata hannun hagu ya ce a ɗebi nasa. Ta ja fatar idonsa ƙasa, ta girgiza kai.

Matarsa Uwani ta kawo masa romon hanta da zogala, ya huce a gabansa bai taɓa ba. Ya sa an shimfiɗa masa tabarma a bakin hanya, inda motocin Konni ke tsayawa. Duk wadda ta tsaya sai ya tashi riƙe da hannun ya tambayi direba. Yau kwana uku ke nan. Har yanzu ba wanda ya zo da labarin ko Labo na da rai.