Bangon Aro a Shagon Awara

A layin bayan tashar jirgin ƙasa babu wanda bai san Shiraki Tomezo ba. Awara yake yi, kuma tasa ba ta kaiwa azahar ba ta ƙare ba. Amma ba don ita ake ce masa Malam ba. Idan ya sallami masu sayayyar safe, ya wanke tukwane, sai ya fito da kujera bakin shago, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya buɗe mujalla mai kauri, irin ta manya wadda bangonta ko hoto babu, sai jerin sunayen masana da batun tattalin arziki. Masu wucewa har rage murya suke yi.

Gonda mai aski, wanda shagonsa ke kallon nasa, yakan leƙo da almakashi a hannu.

"Malam, me masanan naka suka ce? Gwamnatin nan za ta ga baɗi?"

Tomezo zai rufe mujallar, ya ɗan kalli sama, ya ce, "Da wuya." In gwamnati ta faɗi a ce ai Malam ya faɗa. In ba ta faɗi ba, babu mai tunawa.

Mutumin duwatsun arewa ne. Yana ƙarami shinkafa ta ƙi a ƙauyensu, aka kawo shi gari koyon awara, don haka makaranta leƙa ta kawai ya yi. Rubutun ƙasarsu baƙaƙe iri biyu gare shi, ƙanana da manya; ƙananan masu sauƙi ya iya su. Manyan kuwa, masu zane a kan zane, ɗan abin da ya sani bai wuce na sunansa da na waken suya ba. Ɗan maigidan da ke koya masa awara ana saya masa mujallar yara duk wata, in ya gama a jefa ta cikin takardun hura wuta. A nan Tomezo ya tsinci ta farko. Kowane babban baƙi an rubuta masa ƙanana a gefe, suna faɗa maka yadda za ka karanta shi. Ya karanta labarin wasu 'yan'uwa da jirginsu ya ɓata a teku, labarin ya yanke a daidai inda daɗin yake, ya yi wata guda yana gadin takardun hura wuta.

Ya girma, ya auri Kinue, ya buɗe shagon kansa, abin bai sake shi ba. Ya gwada na manya, layi biyu kansa ya ɗau ciwo. Sai ya riƙa zuwa wurin tsoho Tsuboi mai sayar da tsofaffin littattafai a ƙarshen layi, ya zaɓi na yara ya ce, "Yaran gida ne suka dame ni." Ya haɗa da na manya guda ɗaya. A ɗakin sama zai yage bangon ta yaran, ya liƙa mata na manyan da kunun shinkafa, ya danne da dutsen matse awara har ta bushe. Yaran gida suka girma suka yi aure, bai fasa cewa su ne suka dame shi ba.

Ya haura saba'in ya zame a jiƙaƙƙen daɓen shago, ƙugunsa ya karye. Yana kwance a asibiti ɗansa Norio ya yanke shawarar rufe shagon a gyara gidan. Matar Norio, Terumi, ita ta hau sama shara, ta tarar da kwalaye maƙil. Lokacin kuwa laburaren gari yana neman tsofaffin takardun mutane. Ranar da aka sallamo shi ta tare shi da murna tun a bakin ƙofa.

"Baba, na kai musu mujallunka duka. Sun ce har sunanka za su rubuta a jikin kantar littattafai!"

Tomezo ya ce ta kyauta. Shinkafar ranar ba ta wuce masa ba.

Wata rana da la'asar suna zaune a ɗaki, Gonda ya zo dubiya da lemo, Norio yana nan, Kinue tana zuba shayi, sai ga wata mata mai furfura daga laburaren, Malama Oikawa. Ta durƙusa, ta ba da haƙurin zuwa ba sanarwa, ta kwance ƙunshin zane ta fito da mujallu biyu.

"Baba, na rasa yadda zan yi ne. Kashi uku muke kasa abin da aka kawo: littattafai, mujallun manya, da na yara. Naka sun ƙi shiga ko'ina."

"Sun fi ƙarfinku ke nan," in ji Gonda, yana ɓare lemo. "Ai karatun Malam ba na kowa ba ne."

Malama Oikawa ta buɗe ɗaya a kan tabarma. "Da na ga kauri na ce ko littafi ne. To littafi ba ya yanke labari a tsakiya ya ce a jira wata mai zuwa. Na ce mujallar manya ce, ga bango ya faɗa. Amma duba. Tallar alewa ce da fensir. Ga wasan cike gurbi. Ga shafin masu karatu, kowa da ajinsa a gefen suna, wannan ɗan aji uku, wannan 'yar aji biyar. Ƙananan baƙaƙen gefe kam wasu tsofaffin na manya ma suna da su, ban yi hukunci da su ba. Amma babu mujallar masana da ke koyar da yadda ake naɗe takarda ta zama kwaɗo." Ta sunkuyar da kai. "Ina jin wanda ya sayar maka ne ya cuce ka, Baba. Ka saya ka ajiye, ba ka buɗe ba."

Tomezo ya ga ƙofar fita a buɗe, ya kuwa bi ta.

"Haka ne," ya ce. "Cutata aka yi."

"Tsuboi!" Gonda ya buga cinya. "Marigayi Tsuboi! Dama ni idon mutumin nan bai taɓa kwanta mini ba. Bari in ga 'yarsa gobe, tana yawo tana ɗaga wa mutane hanci."

'Yar Tsuboi tana nan a layin, ita da jikokinta. Kuma Tsuboi, da ya lura ko bai lura ba, bai taɓa tambayar Tomezo shekarun yaran nan nasa ba. Kunnuwan Tomezo suka yi zafi.

Kinue ta ajiye butar shayi.

"Ku bar mamaci ya huta. Ni nake dama masa kunun liƙin."

Tomezo ya juya ya kalle ta. Tagogin gidan na takarda ne, duk zamansu ce mata yake su zai liƙe da kunun.

"Taga nawa gare mu a gidan nan?" ta ce masa, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kai kaɗai ne ba ka san na sani ba."

Norio ya jawo ɗaya mujallar yana juyawa. Can ya tsaya. A gefen wani shafi ga sunansa da fensir, da karkataccen rubutun yaro.

"Wannan ai tawa ce. Baba, ita ce ka ƙwace ina aji shida. Ka ce na girma da shirme, ka ce ka sa ta a murhu."

Tomezo bai ɗaga kai ba. Da ƙafarsa tana tafiya da ya bar ɗakin. Malama Oikawa ta yi ta ba da haƙuri har goshinta yana taɓa tabarma, wannan ma ya ƙara masa nauyi. Gonda ya ce ya tuna ya bar ruwa a wuta.

Har sanyi ya wuce Tomezo bai leƙa layi ba, ko da ya fara takawa da sanda. Malama Oikawa ta aiko tana neman izinin ɓamɓare bangon aron, ta ce wasu daga cikin mujallun ba a ko samunsu yanzu. Ya ce ta yi yadda ta ga dama, amma kada a sa sunansa. Norio bai ƙara tayar da zancen ba. Ya dai ɗauke tasa ɗin, bai mayar ba, uban kuma bai tambaya ba.

Sai da gashi ya rufe masa kunne Kinue ta kora shi aski. Ya zauna a kujerar Gonda yana kallon gwiwoyinsa, ya ƙi duba madubi. Gonda ya yi ta yanka shiru, abin da bai saba ba.

"To wai duk zancen gwamnatin nan, a ina kake samu?"

"Rediyo."

"Rediyo! Ni ma fa ina da rediyo!" Almakashin ya tsaya. "Ka san mutum nawa na faɗa wa ina da maƙwabci masani? Har surukina."

"Ka yi haƙuri."

"Ɗaga haɓa, Malam."

"Daina ce mini haka."

"Baki ya saba. Ɗaga haɓa."

Ya rayu shekaru kaɗan bayan nan. Yakan zauna a bakin ƙofa da rana, hannu wofi, yana amsa gaisuwa a taƙaice. Mujallun suna can sashen yara na laburaren, cikin kabad mai gilashi, da ɗan kati mai cewa kyautar wani mutumin gari ce. Kinue da Terumi sun je sun gani. Shi bai je ba. Da suka dawo ya tambaye su ko an samu wanda ya buɗe, Kinue ta ce sai da izini ake taɓawa, ya gyaɗa kai ya ce a miƙo masa shayi.