Ranar da Na Ce Haka Ne Alhali Ba Haka Ba Ne

A shekarun da hukuma ta sa kowa a Kwatano yana kiran kowa "kamarad", wato abokin gwagwarmaya, ni budurwa ce 'yar Zango, ɗalibar makarantar kasuwanci, mai baki a gida amma shiru-shiru a waje. Mahaifina ɗan gwanjo ne a kasuwar Misebo. Da aka ce kowa ya rubuta kundin kammala karatu ya kare shi a gaban malamai, sai na zaɓi sana'arsa. Wata huɗu ina zaune kusa da shi yana kwance dila, wato ƙunshin kayan gwanjo, yana koya mini yadda ake ware kaya masu kyau da matsakaita da tsumma. Wani kamfani a unguwar Ganhi ya yi mini alkawarin aiki in na ci.

Ranar karewa na zuba bayani tiryan-tiryan da Faransanci. Sai shugaban malaman, wani dattijo mai furfura, ya ce ai dila duk ɗaya ce, nauyi kawai ake dubawa, don haka rabin kundina ɓarnar takarda ne. Na san ba gaskiya ba ne. Amma a gidanmu yaro ba ya musu da babba, kalmar kamarad ɗin ma da kyar take fita daga bakina. Na sunkuyar da kai na ce haka ne. Ya sake tambaya, na sake cewa haka ne. Suka ce in dawo bayan wata uku, aikin Ganhi kuwa aka ba wata.

Baba yana zaune a bayan aji cikin babbar rigarsa, ba ya jin Faransanci. A hanya na fassara masa ina kuka. Ya yi dariya, ya ce shi kullum dattawa suna kushe masa kaya, yakan gaishe su da ladabi, sannan ya juya rigar ya nuna musu ɗinkin. Da na koma, na tafi da riguna biyu masu nauyi ɗaya, na ce dattijon ya gafarce ni amma ya taɓa ya ji. Ya yi murmushi, ya ce abin da yake jira ke nan tun farko.

Na ci, na sami wani aikin, na yi ritaya cikin rufin asiri, Alhamdulillahi. Amma ɗalibai, ku girmama manya, sai dai kada kunya ta sa ku saki abin da kuka sani. Ni na zaci ladabi na yi wa dattijon, ashe mahaifina na ƙaryata yana zaune a bayana.