Datti Mai Haƙar Rijiya

A ƙasar Bebeji, kafin ruwan Tiga ya cinye ƙauyensu, ba a haƙa rijiya ba tare da Datti ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance. Da aka tashe su aka ba su sabon matsuguni, rijiya huɗu ya haƙa wa mutane a rani ɗaya.

Yana cikin ta biyar wani abu ya tsarga masa daga ƙugu har babban yatsan ƙafar hagu, kamar an zura masa waya mai zafi. Bai faɗi ba, bai gurɗe ba. Ya ɗaga kai ya ce da masu riƙe igiya, "Ku ja ni."

Matarsa Turai ta ce jijiya ce ta hau. Hamman wanzami ya yi masa ƙaho, aka sha saiwa, aka yi gashi. Ciwon bai ko gezau ba. In ya kwanta ma sai ya fi tsananta. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, ya fi shekara yana fama da fitsari, kunya ta hana shi faɗa.

Sai bayan wata bakwai Turai ta lallashe shi suka hau motar Kano. A asibiti aka ɗauki hoton bayansa. Likitan ya daɗe yana dubawa.

"Baba, ciwon ba a ƙafa yake ba. Ciwon daji ne. Daga ƙasan mara ya faro, ya kama ƙashin baya yana danne jijiya."

"To, a yanke ƙafar in huta."

"Ko an yanke ba zai daina ba, Baba."

Suka dawo da ƙwayoyi a ƙunshin takarda. Kafin kaka ƙafafun biyu suka mutu. Ko an tsikare su da allura ba ya ji, amma zafin nan na ciki bai tafi ba. Turai ce ke juya shi, ita ke wanke masa gyambon kwanciya.

Wata rana ya ji tana amsa wa masu dubiya, sai ya kira ta.

"Turai, ki daina ce musu da sauƙi. Babu sauƙi."

Daga ranar ya rage cin abinci. Ya rasu ana saura kwana tara azumi, a 1975. Da Turai ta fita takaba, yayyenta suka zo daga Ƙiru da amalanke suka kwashe ta da 'yan kayanta.