Zailani Mai Hoto da Ƙarfen Riruwai

Zailani ɗan kawuna ne, taubashina, wato bawana ke nan ko ya ƙi ko ya so. Tare muka tashi a Tudun Wada. Ni na yi elimantare har aji biyu, shi kuwa ko baƙin boko ɗaya bai sani ba. Amma ya tafi Kano ya yi shekara uku, ya dawo da akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku da baƙin mayafi, shi ke nan gari ya manta akwai wani mai suna Labaran da ya iya rubuta wasiƙa. Tsofaffin da ba su taɓa amsa mini gaisuwa da kyau ba su ke miƙa masa hannu.

Akwatin nan kaɗai ya mallaka a duniya, kuma na rantse jariri bai ga gatan da ya gani ba. Duk kafar da ruwa zai iya shiga ya liƙe ta da kakin zuma. Ya sa dukawa sun ɗinka masa riga da fatar salka, an bar ƙofa daidai idon gilashin. Ƙwayayen fitilarsa masu walƙiya kuwa cikin ƙwaryar ƙaiƙayi yake jera su, yadda mata ke kai ƙwan zabi kasuwa.

Da daminar alif ɗari tara da hamsin da biyar aka aiko daga ma'aikatar kuza ta Riruwai, ana so ya ɗauki leburori a bakin aiki. Na ce zan raka shi. A raina so nake in ga taɓo ya shiga akwatin nan sau ɗaya, in huta.

Wuri ne na fitina. Bututu na feshin ruwa mai iya kayar da raƙumi bakwai, laka na tashi har gajimare. Zailani ya kafa akwatinsa a kan wani tudu, ya danne ƙafafun da duwatsu, ya juya wa feshin baya.

"Bawa, riƙe laimar nan," in ji shi, don shi ma bawansa yake ce mini.

"A kanka?"

"A kansa. Kai da ni ai ma bushe."

Helman wurin, wato shugaban leburori, wani Hamman, yana ta ce masa Malam. Ni da na yi boko ko sunana bai tambaya ba. Da ya tafi ƙasan rami, sai muka ji ana dukan guntun ƙarfe, leburori suna watsewa da sauri.

"Labaran, wannan kuma fa?" in ji Zailani.

Ranar ce farkon da ya tambaye ni abu. Na gyara hula na ce, "Jahilci ciwo. Ƙarfen tara ne, an tashi cin abinci. Haka ake yi mana a makaranta. Yanzu ne ma za ka ɗauki ramin ba mai tare maka."

Ya yarda, ya cusa kai cikin mayafi. Ashe a wurinsu wannan ƙarfe na nakiya ne, za a fasa dutse. Da ƙasa ta girgiza, ni dai na tsinci kaina a bayan wata kuka da har yau ban san yadda na je ba, laima a hannuna. Zailani bai gudu ba. Ya rungumo akwatin ya kwanta a kai, tsakuwa ta yi ta sauka a bayansa, wani dutse kamar tulu ya samu kafaɗarsa.

Muka ɗago shi jina-jina, abin da ya fara cewa shi ne, "A kwance rigar in gani." Aka kwance. Ko ƙwarzane babu a gilashin, ƙwan fitila ɗaya ne ya fashe.

Hamman ya zo yana faɗa, yana tambayar wane kurma ne bai ji ƙarfe ba. Zailani ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce kansa na cikin mayafi bai ji ba.

Hannunsa na hagu bai sake ɗaguwa sama da kafaɗa ba, amma akwatin na nan yana aiki, daga Kiru har Bebeji ana aiko masa. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa Saude. Sai dai duk ranar kasuwa in maƙeri ya buga uwar maƙera, ya leƙo daga mayafi ya ce, "Malam Labaran, an tashi tara ne?" Mutane su yi ta yaba yadda yake girmama mai ilimi.